Kundin okid na daji: rajistar aiki, Janairu zuwa Nuwamba 2024

14 ga Janairu

Yau na tsayar da tsarin kundin. Abin da nake haɗawa shi ne jerin okid na daji da ke fitowa a Najeriya, da ƙarfi a kan na Arewa da na tsaunukan gabas, a rubuce da Hausa yadda malamin gona ko ma'aikacin gandun daji ko ɗalibi zai ɗauka ya shiga daji da shi. Kowane tsiro zai samu layi guda mai gurbi biyar: sunan kimiyya na yanzu, tsofaffin sunayensa, danginsa, abin da yake tsirowa a kai, da iyakar ƙasarsa ta asali a duniya.

Okid wani babban dangi ne na tsirrai masu fure, wanda masana ke kira Orchidaceae. Dangin na da nau'i kusan 28,000 a cikin jinsi fiye da 700 (jinsi shi ne rukunin nau'o'i masu kusancin dangantaka). A tsirrai masu fure babu mai gogayya da shi a yawa sai dangin su shuwaka. Kolombiya da Ekwado kowacce ta haura nau'i 4,000. Madagaska na da kusan 1,000, kuma mafi yawansu ba a samun su ko'ina sai can. Rabon Afirka ta Yamma 'yan ɗaruruwa ne, wanda ya sa aikin nan mai yiwuwa ne ga mutum ɗaya in Allah ya ba shi rai da lafiya.

Sharaɗin shiga kundin ɗaya ne: sai an ga fure. Ganye yana ruɗi, fure ba ya yi. A furen okid sashen namiji da na mace sun haɗe sun zama ginshiƙi guda a tsakiya. Garin furen ba a warwatse yake ba, a dunƙule yake curi-curi, ƙwaro ya ɗauke shi gaba ɗaya. Ɗaya daga cikin fatun furen ya bambanta da sauran, shi ake kira leɓe, kuma a yawancin nau'o'i furen yakan murɗa kafin ya buɗe, leɓen ya dawo ƙasa ya zama wurin saukar ƙwaro.

28 ga Janairu

Na gama babin rabe-rabe. Na daɗe ina neman yadda zan shimfiɗa shi ba tare da na cika wa mai karatu kai da Latin ba, a ƙarshe na ɗauki tsarin babban gida: uba ɗaya, ɗakuna biyar, kowane ɗaki da 'ya'yansa.

Ɗakin farko, Apostasioideae, jinsi biyu ne kacal, Apostasia da Neuwiedia, nau'o'insu ba su kai 20 ba. Suna Asiya ta kudu maso gabas zuwa arewacin Ostireliya. Su ne suka fara rabuwa da sauran, har yanzu garin furensu a sake yake. Na biyu Vanilloideae, ɗakin su banila. Na uku Cypripedioideae, masu leɓe mai aljihu, ana samun su a Asiya da Turai da Amurka, amma ko ɗaya babu a Afirka. Na rubuta wannan da jan biro, domin duk wanda ya ga irinsu a lambun wani a Legas ko Abuja ya san baƙo ne daga ƙasar waje.

Ɗakuna biyun da suka rage su ne namu sosai. Orchidoideae yawancinsu na ƙasa ne, masu curin saiwa da ganye mai taushi, a nan Habenaria da Satyrium da Disa suke. Epidendroideae kuwa shi ne ɗakin da ya cinye gida, wajen kashi uku cikin huɗu na dukan dangin, kuma kusan duk masu hawa bishiya nasa ne. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne Eulophia, wanda ya fi kowa yawa a dajin Arewa, ɗan wannan ɗakin ne duk da a ƙasa yake zaune. 'Yan'uwansa na jini suna bisa rassa. Wannan kaɗai ya ishe ni hujjar jera kundin bisa dangantaka maimakon bisa wurin tsiro.

17 ga Fabrairu

Ansellia africana na cikin fure a wani kurmin bakin rafi a kudancin Kaduna, can sama a mararrabar rassan wata tsohuwar bishiya. Furen rawaya-rawaya ne da ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa. Dattijon da ya raka ni ya ɗaga kai ya ce, "Malam, ai wannan kauci ne." Na ce, "Baba, zauna mu duba tare." Kauci yana huda reshe ya sha ruwan bishiya, in ya yi yawa ya kashe ta. Okid mazauni kawai yake nema. Saiwarsa a bayan ɓawo take manne, lulluɓe da wata farar fata mai tsotse raɓa da ruwan sama. Ansellia har wasu siraran saiwoyi yake fitarwa masu kallon sama, su haɗa kwando, busasshen ganye ya riƙa faɗawa ciki yana ruɓewa ya zama takinsa. Baba ya ce ya sha ganin ana kakkaɓe shi daga bishiyoyin gona don kada ya cuce su. Wannan bambancin zai shiga shafin farko na kundin, domin shi zai fi ceton tsirrai a aikace.

Tarihin sunansa ya ratsa ta ƙasarmu. A 1841 Ingila ta turo jirage uku su hau Kogin Kwara, a cikinsu har da Samuel Ajayi Crowther da J. F. Schön, wanda daga baya ya yi aiki mai yawa a kan harshen Hausa. Zazzaɓi ya kashe Turawan da dama, sauran suka koma tsibirin Fernando Po, wato Bioko ta yau. A can masanin tsirran tafiyar, Theodor Vogel, ya rasu. A can kuma John Ansell, mai aikin lambu da ke cikin ayarin, ya samo wannan okid, masanin tsirrai John Lindley ya raɗa wa jinsin sunansa a 1844. Nau'i ɗaya ne tak a jinsin, amma ya mamaye Afirka daga yamma har KwaZulu-Natal ta Afirka ta Kudu, kuma launin furen na canjawa daga yanki zuwa yanki. Saboda haka a da aka yi ta ba shi sunaye daban-daban, irin su Ansellia gigantea da Ansellia nilotica. Duk na tattara su a gurbin tsofaffin sunaye.

9 ga Maris

Aikin tebur. Na shimfiɗa katunan tsirran, kowane nau'i da katinsa, a kan taswirar ruwan sama. Kalaba na samun kusan milimita 3,000 a shekara, Jos wajen 1,400, Sakkwato ƙasa da 800. Masu hawa bishiya sun cunkushe a dazuzzukan Kuros Riba, suna raguwa in ana yin arewa, har su koma bin kurmin rafi kawai. Calyptrochilum christyanum na cikin masu juriyar da ke biyo kurmi har cikin dajin ciyawa. Daga nan sai na ƙasa su karɓi fili.

20 ga Afrilu

Ruwan farko ya sauka a Filato, Eulophia ya fito. Ga wanda bai taɓa gani ba abin yana da ban mamaki: fili baƙi ƙirin da tokar gobarar rani, ciyawa ba ta ko tsiro ba, sai ga kara guda ya miƙe ba ganye ko ɗaya, da furanni masu ruwan hoda a kansa. Eulophia cucullata ke nan, leɓensa faffaɗa, maƙogwaronsa da rawaya. Ganyen sai bayan fure zai fito.

Dabarar rayuwarsa duk a ƙarƙashin ƙasa take. Yana da jerin curin saiwa, kowace shekara ya ƙara ɗaya, a ciki yake ajiye ruwa da abinci. Wuta ta wuce ta sama ba ta taɓa shi ba, ta ma share masa fili. Yana yin fure a ɗan tsakanin nan da ciyawa ba ta rufe shi ba, ƙwari na ganinsa daga nesa. In damina ta kankama sai ya ɓace cikin ciyawa, in kaka ta yi ganyen ya bushe. Watanni da yawa mutum zai taka wurin bai san da shi ba. Ina ganin shi ya sa ake ɗauka Arewa ba ta da okid, har a tsakanin waɗanda suka karanci tsirrai. Suna nan, lokacin ganinsu ne gajere.

Abin da ba ya jurewa shi ne garma. Huɗa ɗaya mai zurfi ta isa ta tone jerin curin da ya yi shekaru yana taruwa. Wuraren da na same shi duk gefen duwatsu ne da filayen kiwo da ba a taɓa nomawa ba.

Na ƙara katin Eulophia cristata, mai dogon zangarniya da fure ruwan shuni-shuni, wanda iyakarsa ta tashi daga Senegal zuwa Habasha. Shi ɗan dajin ciyawa ne na gaske, ya bi faɗin Afirka ta arewacin kurmi.

11 ga Mayu

Gurbin tsofaffin sunaye ne ya fi cin lokaci, kuma ba zan taƙaita shi ba. Wanda ya buɗe tsofaffin littattafan tsirran Afirka ta Yamma zai tarar da Lissochilus arenarius, sunan da Lindley ya bayar a 1862. Wanda ya duba jerin yau ba zai gan shi ba. Tsiron nan ne dai na watan jiya, Eulophia cucullata. An riga an bayyana shi tun 1800 daga samfurin da Adam Afzelius ya kawo daga Saliyo, kuma ƙa'idar sunayen tsirrai ita ce wanda ya riga shi ke tsayawa. Daga baya kuma aka narkar da jinsin Lissochilus kacokan cikin Eulophia.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewa ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya yi amfani da sunayen Latin na zamaninsa. Haka samfuran da Charles Barter ya tara a ƙasar Nupe a ƙarshen shekarun 1850, bayan jirgin ayarin William Baikie, mai binciken Kogin Kwara, ya fashe kusa da Jebba. Duk wanda bai riƙe tsohon suna ba, ya yanke igiyar da ta haɗa shi da waɗannan bayanan, sai ya ɗauka babu wanda ya taɓa rubuta tsiron a ƙasar nan.

Canjin kuma bai tsaya ba. A 2021 Mark Chase da abokan aikinsa, bisa binciken ƙwayoyin gado (DNA), suka faɗaɗa Eulophia ya haɗiye Oeceoclades da Geodorum da Acrolophia da wasu ƙananan jinsi na Madagaska. Akwai masanan da suka fi son a bar su a rarrabe. Ni na bi tsarin da aka faɗaɗa, domin ya fi sauƙin riƙewa ga mai aiki a daji, amma kowane kati na ɗauke da sunan da aka saba da shi a layi na biyu.

22 ga Yuni

Wani ɗalibi ya turo hotunan wani fure mai ruwan shuni da ke fitowa daf da ƙasa a farkon damina, yana tambaya ko okid ne. Siphonochilus aethiopicus ne, dangin citta. Zan buɗe ɗan babi na masu kama da okid, shi da Gloriosa da albasar kwaɗi.

Nervilia kuwa okid ne na gaske, ya shiga kundin. Furensa kan riga ganye, ya yi 'yan kwanaki ya wuce, sannan ganye guda ɗaya mai faɗi ya fito ya kwanta a inuwa.

3 ga Agusta

Watan Habenaria. Ciyayin kan duwatsu da bakin fadamu sun jiƙe sharaf, kuma a nan ɗakin Orchidoideae ke nuna kansa. Habenaria na da nau'i fiye da 800 a duniya, a kowace nahiya mai zafi akwai shi. Namu yawanci fari ne ko kore, ba ya ɗaukar ido, sai an durƙusa. Na rubuta mabuɗin rarrabe jinsi uku da aka fi rikitawa, kuma na dogara da abu ɗaya, wato siririn bututun da ke bayan fure inda ruwan zaƙi ke taruwa. A Habenaria bututu ɗaya ne, daga leɓe yake fita. A Satyrium biyu ne, furen bai murɗa ba, leɓen na sama ya yi rumfa. A Disa ɗaya ne, amma daga fatar sama ta waje yake fita, leɓen kuwa ɗan siriri ne. Na gwada mabuɗin da ɗalibai a fili, ya yi aiki ba tare da madubin ƙara girma ba.

Tsawon bututun na faɗin wane ƙwaro ke zuwa. Fari mai ƙamshin dare da dogon bututu na faɗa-wuta ne mai dogon baki. Shahararren misali shi ne Angraecum sesquipedale na Madagaska, mai bututu wajen santimita 30. A 1862 Charles Darwin ya ce dole akwai ƙwaron da bakinsa ya kai wannan tsawo. A 1903 aka bayyana ƙwaron, amma sai a 1992 aka gan shi yana shan furen. Namu na Afirka ta Yamma, Aerangis biloba, mai hawa bishiya daga Senegal zuwa Kamaru, tsarin nan ne a ƙarami.

7 ga Satumba

Gurbi na biyar, na ƙasar asali, ya tilasta mini raba alama uku: ɗan asali, baƙon da ya zauna ya yaɗu da kansa, da wanda ake nomawa. In ba haka ba taswira za ta yi ƙarya.

Oeceoclades maculata, wanda yanzu yake Eulophia maculata, shi ya fara nuna buƙatar hakan. Ɗan Afirka ne, ganyensa mai zane-zane, yana zaune a cikin busasshen ganye a inuwar kurmi. Lindley ya bayyana shi a 1821, kuma tun lokacin an riga an san shi a Brazil. Ya ci gaba da yaɗuwa ta tsibiran Karebiyan har ya shiga Florida a shekarun 1970. Yana iya barbarar kansa ba sai da ƙwaro ba, shi ya sa duk inda irinsa ya sauka yake kafa zuriya. A katin na sa Afirka a matsayin asali, nahiyar Amurka a matsayin masauki.

Banila akasin haka ce. Kowa na danganta ta da Madagaska domin ita ke kan gaba a noma, amma Vanilla planifolia 'yar Meziko ce da Amurka ta Tsakiya. An kai ta tsibiran Tekun Indiya ta yi ta fure ba 'ya'ya, domin babu ƙwaron da ke barbararta a can. A 1841 wani yaro bawa ɗan shekara 12 a tsibirin Réunion, Edmond Albius, ya gano yadda ake barbarar ta da ɗan tsinke da babban yatsa, kuma har yau da hannu ake yi, fure bayan fure. Afirka na da banilarta ta daji, irin su Vanilla africana da Vanilla imperialis, masu hawa bishiyoyin kurmi. Su ne za su samu cikakken layi a kundin, ta kasuwa kuwa za ta zauna a ƙarin bayani.

Akwai kuma 'yan kaɗan da asalinsu ya ratsa teku. Eulophia alta ɗan asali ne a Afirka da kuma yankin Amurka mai zafi. Eulophia guineensis ya tashi daga tsibiran Kef Bade ya ratsa nahiyar har Yaman da Oman. Bulbophyllum, mai nau'i fiye da 2,000, cibiyarsa Niyu Gini ce, namu reshe ne na nesa. A cikinsu akwai Bulbophyllum barbigerum na kurmin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, wanda leɓensa mai gashi ke motsi da 'yar iska kaɗan.

19 ga Oktoba

Mambila. Daga Serti hanya ta fara hawa, kafin a kai Gembu an shiga wata duniya, tudu wajen mita 1,600, sanyi, hazo, ciyawa iya gani. Tsaunin nan ci gaban tsaunukan Kamaru ne, kuma Chappal Waddi, ƙololuwar Najeriya mai mita 2,419, na nan gabas a gandun Gashaka-Gumti.

Okid ɗin ciyawar tudu ba su da alaƙar kusa da Eulophia na kwari. Disa da Satyrium gidansu kudancin Afirka ne, can yawancin nau'o'insu suke. Waɗanda ke nan sun iso ne ta bin tsaunuka masu sanyi, kuma tsakaninsu da 'yan'uwansu na gabashin Afirka akwai dubban kilomita na ƙasa mai zafi da ba za su iya zama a cikinta ba. Don haka iyakarsu a taswira ɗigo-ɗigo ce, ba shimfiɗa ba. Duk ɗigon da ya goge, da wuya ya dawo. Na canja yadda nake zana taswirar waɗannan jinsi, na daina shafa launi a kan ƙasa gaba ɗaya, ina sa alama a kan tsaunin da aka same su kawai.

A gefen kurmin Ngel Nyaki rassa cike suke da gansakuka da ƙananan Polystachya da Bulbophyllum, yawancinsu ba fure, sun tafi jerin jira. Abin da ya fi damuna ciyawar ce. Kurmi kowa ya yarda a kare shi, ciyawa kuwa ana mata kallon fili mara amfani, a dasa mata bishiyoyin turare ko a cika ta da shanu fiye da ƙarfinta. A Zambiya da kudancin Tanzaniya wata matsalar ce daban: ana haƙar curin Disa da Satyrium da Habenaria, a daka da gyaɗa a dafa ya daskare, abincin da suke kira chikanda. Da cinikinsa ya bunƙasa sai haƙar ta wuce gona da iri. Tanzaniya ta mayar da tudun Kitulo gandun ƙasa a 2005, musamman domin furanninsa. Ciyawar Mambila ta cancanci a yi mata irin wannan tunani.

16 ga Nuwamba

Kwansunan iri sun fara tsagewa. Irin okid ƙura ce, kwanso ɗaya na iya ɗaukar dubban ɗaruruwa, kuma babu guzurin abinci a cikin ƙwayar. Ba ta tsirowa sai wani fangas (dangin funfuna) na ƙasa ko na ɓawon bishiya ya shige ta ya ciyar da ita. Noël Bernard ne ya gano haka a Faransa a 1899, sannan a 1922 Lewis Knudson a Amurka ya nuna ana iya tsirar da ita a kwalba da sukari da gishirin ma'adinai. Wannan ne ke bayyana yadda iska ke kai iri nesa amma tsiron bai cika ko'ina ba, kuma shi ne dalilin da ya sa na ƙasa da aka tono aka kai tukunya yawanci ba sa daɗewa.

Saboda haka na yanke shawara biyu. Kundin da za a raba wa jama'a zai ambaci jiha da irin wurin kawai, ba ƙauye ko dutse ba. Cikakken wurin zai tafi ma'ajiyar busassun tsirrai ta Ibadan da ta jami'a a Zariya, inda mai bincike zai nema. Na biyu, shafin ƙarshe zai bayyana cewa dukan dangin okid na ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ke tsara cinikin tsirrai da namun daji tsakanin ƙasashe, ba a fitar da na daji ƙasar waje sai da izini.

Babin rabe-rabe da na Eulophia sun kammala, an miƙa su ga wani malamin kimiyyar tsirrai ya duba. Na Habenaria na buƙatar damina guda kuma. Watan gobe zan koma kurmin kudancin Kaduna da tsani da igiya, domin masu hawa bishiya da yawa da rani suke fure.